Akwatin rawaya kusa da tabarmar mai gadi: wace na'ura ke auna nutron?

Mai Gwajin Ƙasa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, kwana uku ke nan ba na samun barcin kirki, shi ya sa na kawo ta nan ko Allah zai haɗa ni da masani.

Ni ɗan labo ne a wani kamfanin gina hanya nan Maraɗi. In an zuba marmara, motar ruwa ta watsa, kompakta ta bi ta danne, ni ake kira in duba ko dannuwar ta kai kashi 95 cikin 100 na Proctor, wato ma'aunin dannuwar da muke fitarwa a labo, kafin a ɗora wani shimfiɗi a kai. Da can da yashi da mazurari muke yi, a haƙa rami, a kai ƙasar labo a busar a tanda, amsa sai gobe, direbobin manyan motoci na zaune suna harararka. Bara aka kawo mana Troxler. Duk wanda ya yi shantiye ya san ta: rawaya ce, nauyinta wajen kilo 14, da sanda mai mariƙi a sama. Ka huda ƙasa da ƙusa da guduma, ka zura sandar santimita 15 ko 20, ka danna, ka ja da baya. Minti ɗaya ta ba ka nauyin ƙasa da yawan ruwan da ke cikinta.

Takardarta ta ce abu biyu ne a ciki. A bakin sandar akwai siziyom 137, milikuri 8 (ma'aunin ƙarfinsa ke nan), shi ke fitar da gamma, wani hasken nukiliya da ido ba ya gani, don auna nauyi. A gindinta kuma amerisiyom 241 haɗe da beriliyom, milikuri 40, shi ke fitar da nutron, wasu ƴan ƙwayoyin nukiliya da su ma ba a gani, don auna ruwa. In na ja mariƙin sama, siziyom ɗin ya koma gidansa na ƙarfe mai nauyi, wata ƴar ƙofa ta rufe a ƙasa. Na biyun ba shi da ƙofa, yana nan inda yake dare da rana.

Sansaninmu na bayan gari, wajen hanyar Ɗan Isa. In mun tashi da yamma a mangaza muke kulle akwatin, kusurwar gabas. Bayan kwanon wannan kusurwa kuwa rumfar mai gadinmu take. Dattijo ne daga ƙasar Madarunfa, ya girmi mahaifina. Da hunturu ya shigo sai ya matso da tabarmarsa jikin kwanon don ya kare masa iska, har damina ta faɗi bai janye ba. Na auna, daga inda yake sa kai zuwa akwatin mita ɗaya ne da ɗan taƙi. Wata takwas yana kwana haka. Ni da ke kulle mangazar kullum ban taɓa kewayawa baya na duba ba sai makon jiya, wannan kam laifina ne.

Muna da ƴar radiyameta irin ta Geiger, wato na'urar auna hasken nukiliya, girman wayar hannu. A tsakar fili tana nuna mikrosibat 0.1 zuwa 0.2 a awa, wato ma'aunin abin da jiki ke sha. Na ɗora ta kan tabarmar ta nuna 2. Na kai wa shugaban shantiye, bai yi gardama ba, ya sa aka samo fallen dalma mai kauri kamar rabin yatsa aka jingine tsakanin akwatin da kwano. Muka sake aunawa ta sauka 1, ya ce to an gama. Ni ma na yarda. Sai da dare ina juya ƴar takardar radiyametar na ga an rubuta gamma da X kawai take ji, babu nutron ko wuri ɗaya.

In haka ne, rabin abin da ke cikin akwatin ba mu taɓa aunawa ba ke nan. Akwai na'urar da ke auna shi? Yaya sunanta, a ina ake samunta? Dalmar nan tana tare shi, ko rufe ƙofa da ɓarawo muka yi? Abin da ya fi damuna, tsohon nan mun cuce shi? Kullum sai ya miƙo mini shayi da safe, yanzu ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Tsohon Akuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi yi maka albarka da ka damu da tsoho.

Ni shekara 26 na yi ƙarƙashin ƙasa a ramin uraniyom na Akuta, har anka rufe ramin a ƙarshen Maris na 2021, sannan na dawo gida Tsibiri. Can kowa da dozimetarsa a ɗamara kusa da batirin fitila, ƙarshen wata a karɓa a karanta. Abin da take bi gamma ne da ƙurar dutse da iskar radon, su ne abokan gabanmu cikin rami. Nutron ba shi cikin lissafinmu, don dutsen uraniyom kaɗan ƙwarai yake fitarwa.  Bayanin na'ura na bar wa masu boko.

Amma abin da anka koya muna tun ranar farko ba ya buƙatar na'ura: rage zama, ƙara nisa, sa shamaki. Cikin ukun nisa ya fi araha. Ka ninka shi biyu, abin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka kai mita 5, ɗaya cikin 25, gamma ne ko nutron duk ɗaya. Kada ka jira amsar kowa, yau kafin magariba a ɗauke tabarmar nan. In ya ce iska, ka sayo masa zana biyu a kafa masa wani wuri.

Sai makulli. Ƴan gwangwan sun yi yawa a gari, yaro ya ga akwati mai nauyi ya ɗauka tagulla ce. A 1987 a garin Goyaniya na Barazil masu tsintar ƙarfe sunka fasa tsohuwar na'urar asibiti mai siziyom 137, irin na bakin sandarka amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutum huɗu sunka mutu, har da yarinya ƴar shekara shida. Muddin ƙwayoyin nan na rufe cikin ƙarfensu da sauƙi, ranar da anka sa musu guduma ita ce ranar kuka. Kwaɗo biyu, ɗaya a akwati ɗaya a ƙofa, da alamar nan mai fuka-fuki uku a manne.

Malamar Fizik:

Salamu alaikum. Maganar Baba na Akuta a fara bi, ni kuma bari in amsa ta na'ura. Fizik nake koyarwa a wani lise nan cikin gari, karatuna kuwa a Zariya na yi, inda cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello ke da ƙaramin riyakta tun 2004. Can na fara ɗaga irin abin da kake nema, har yau ina tuna yadda ta ja mini kafaɗa.

Ƙanena, radiyametarka ba ta lalace ba, kurma ce ta wannan ɓangaren. A cikinta ɗan bututu ne mai gas da waya a tsakiya. In gamma ya bugi bangon bututun ya fizgo elektron, shi mai caji ne, sai ya tayar da tartsatsin lantarki, ka ji ƙas. Nutron ba shi da caji ko kaɗan, ya shiga ta nan ya fita ta can bai taɓa kowa ba. Halin nan nasa ya sa ba a gano shi ba sai 1932, lokacin da James Chadwick a Kambirij ta Ingila ya ajiye kakin kyandir a gaban beriliyom da ake jifa da alfa, ya ga wani abin da ba a gani yana fizgo proton daga kakin. Tushen da ke gindin na'urarka kusan irin nasa ne, shi da poloniyom ya yi, kai da amerisiyom.

Har yau dabarar ke nan. Tunda ba a jin sawunsa, sai a gitta masa abin da zai yi karo da shi, abin ya yi ƙara a madadinsa. Da farko a rage masa gudu. Ka taɓa tsayawa kallon masu wasan bul da yamma? In bul ta sami ƴar'uwarta daidai tsakiya sai ta tsaya cak, ɗayar ta tafi da gudun. In kuwa katanga ta buga, dawowa take da gudunta kusan duka. Ƙwayar haidirojin nauyinta ɗaya da nutron, ita ce ƴar'uwar. Ƙwayar dalma ta ninka shi sau 207, ita ce katangar. Karo ashirin da haidirojin ya isa ya gajiyar da shi, da dalma sai ya yi kusan dubu biyu. Ka ga amsar tambayarka ta dalma. Gamma ta tare, kuma ta yi aikinta, don milimita 6 zuwa 7 na dalma na raba gamman siziyom biyu, daidai da abin da kuka gani. Nutron kuwa ya wuce abinsa. Mai tare shi sai abu mai haidirojin: ruwa, kakin kyandir, robar jarka, kankare mai kauri. Da jikin mutum, tunda galibinsa ruwa ne, nan kuma illar take.

In ya gaji sai a haɗiye shi. Heliyom 3 in ya haɗiye shi yakan rabe zuwa proton da tiritiyom. Boron 10, da ake sawa a gas mai suna BF3, alfa yake tofarwa. Akwai kuma litiyom 6. Gutsattsarin nan masu caji ne, bugunsu ya fi na gamma ƙarfi sosai, sai a saita na'urar ta ƙirga manyan bugu ta bar ƙanana.

Haɗa biyun ka sami na'urar: ɗan bututun heliyom ko BF3 a tsakiyar ƙwallon roba mai tauri, faɗinsa santimita 23 zuwa 25 kamar babbar kankana, da mariƙi a sama da allon karatu, nauyi kilo 7 zuwa 10. Mu nan radiyameta ta nutron ake ce mata, a Najeriya za ka ji ana cewa rem mita. Cikin sanannu akwai LB 6411 ta Berthold da 12-4 ta Ludlum. Wasu dogaye ne kamar ganga, samfurin da Andersson da Braun suka fito da shi a Suwidin farkon shekarun 1960.

Girman nan ba ado ba ne. Nutron ba duka ƙarfinsu ɗaya ba, ɓarnarsu a jiki ma haka. Ma'aunin ɓarnar gamma 1 ne. Na nutron yana tashi daga 2.5 ga gajiyayyu har wajen 20 ga masu ƙarfin MeV ɗaya (MeV ma'aunin ƙarfin gudunsu ne), yadda ICRP, hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga hasken nukiliya, ta tsara a 2007. Naka matsakaicinsu ya ɗan wuce MeV 4, ma'auninsu ya haura 10. To an zaɓi kaurin robar, an kuma saka siririn shimfiɗi na kadmiyom ko boron a ciki, don ƙirgar ta riƙa bin ɓarna, ba yawan ƙwayoyi kawai ba. Shi ya sa take ba ka amsa kai tsaye da mikrosibat a awa.

Kada ka sa ran sayenta. Heliyom 3 daga ruɓewar tiritiyom ake tara shi, kuma bayan 2001 da Amurka ta cika iyakokinta da na'urorin da ke shan sa, zuwa 2008 ya yi ƙaranci a duniya, kuɗinsa ya ninninka. Ko an saya ma sai an riƙa daidaita ta da tushen da aka san ƙarfinsa, in ba haka ba lambarta ba abin dogaro ba ce. Hanya ita ce hukumar ARSN a Yamai, wadda doka ta ɗora wa ba da lasisi da sa ido kan irin waɗannan tushe. Kamfaninku ya rubuta ya nemi a auna wurin ajiya, a faɗa ƙarara cikin wasiƙar cewa har da nutron.

Yanzu tsoho. Milikuri 40 na wannan tushe na fitar da nutron dubu 70 zuwa dubu 90 a sakan, ta ko'ina. A nisan mita ɗaya sun bazu kan santimita murabba'i dubu 125, kowane santimita bai samu ko guda cikakke a sakan ba. In an juya zuwa ma'aunin jiki, wajen mikrosibat 1 ne a awa. Ke nan kafin dalma tabarmar na karɓar 3 ba 2 ba, bayan dalma 2 ba 1 ba. Awa 10 a dare, dare 240, sau 3, mikrosibat 7,200 ke nan, wato milisibat 7 da ɗan kai. Ma'aikaci irinka iyakarsa milisibat 20 a shekara. Wanda ba aikinsa ba ne, irin Baba mai gadi, iyakarsa 1. Kowane ɗan Adam yana samun wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da sama da abinci, hoton sikana na ƙirji guda ɗaya kuwa yana kaiwa wajen 7. Saboda haka ba zai kwanta ciwo don wannan ba, ba ƙuna, ba zubar gashi, ba abin da gwajin jini zai nuna. Ɗan ƙaramin haɗari ne na nan gaba ya ƙaru. Amma an ɗora masa ninki bakwai na iyakarsa, bai sani ba, ba a tambaye shi ba, kuma ba don magani ba. Haƙƙinsa ne a gaya masa. Lissafina kuma na alli da allo ne, ba ya maye gurbin awo.

Mai Gwajin Ƙasa:

Baba na gode, an ɗauke tabarmar tun kafin la'asar. Malama Allah ya ƙara ilimi, sau uku na karanta, maganar bul ɗin nan ta zauna mini. Muna da jarkoki masu lita 25 birjik a sansani, in jera su cike da ruwa kewaye da akwatin? Sannan bajin da nake maƙalawa a aljihu, wanda ake karɓa duk wata uku, yana jin nutron ko shi ma kurma ne? Kuma in faɗi gaskiya, in za mu fita aiki bayan kujerar direba muke sa akwatin don rana da ƙura, wani lokaci tafiyar awa biyu.

Manomin Jigawa:

Abokina, ni ta gona na san nutron. Shekaru na yi ina auna damshin ƙasa a gonakin gwajin gero da wake da na'urar da muke kira sond, irin wadda aka yi aiki da ita sosai a Sadore kusa da Yamai. Ƙanwar taka ce, amerisiyom da beriliyom da bututun ƙirga a ɗan silinda, a zura shi cikin bututun alminiyom da aka kafa a gona. In ka sa ta a duro cike da ruwa ƙirga ta haura sama, in ka sa ta a jigawarmu a watan Afrilu ta faɗi warwas, don babu ruwan da zai gajiyar da nutron ya maido shi. Kusa da sama ma tserewa suke cikin iska, shi ya sa ba a tsuguna a kanta.

Troxler ɗinka ma tana da bututun heliyom 3 a gindi, shi ke ba ka lambar ruwa. Kada wani ya ce maka ai ga na'urar auna nutron nan a hannu. Gajiyayyun da suka dawo daga ƙasa kawai take ƙirgawa, masu gudun da ke shiga jikin mutum ba ta san da su ba.

Maganar jarka a ilmance daidai ce, amma na san sansani. Yau ka jera takwas, jibi an ɗauki biyu an yi alwala, ɗaya ta tsage da rana, direba ya juye ɗaya a lagireto, kai kuma hankalinka kwance kana ganin akwai shamaki. In wuri na da faɗi, nisa kawai. In babu, bulon siminti cikakke jeri biyu.

A mota kuwa sai bodi, can ƙarshe wajen ƙofar baya, a ɗaure da sarƙa a rufa tamfol. Bayan kujera santimita 30 ne da gadon bayan direba, abin da Malama ta lissafa a mita ɗaya ka ninka shi goma.

Wani abu daban, tunda marmara kake aunawa. Tana da ruwan da ke ɗaure cikin yumɓunta wanda tanda ba ta fitarwa, shi kuwa nutron duk haidirojin ɗaya ne a wurinsa. Sai lambar ruwa ta kauce, ka kayar da shimfiɗin da ya ci. Duk sabon ramin marmara da aka buɗe, ka gwada da tanda ka sa gyara.

Malamar Fizik:

Na yarda da shi kan jarka. Santimita 10 na ruwa na rage nutron ɗin nan wajen rabi, mita 5 na fili kuwa na rage komai sau 25.

Baji iri-iri ne, daga waje ba a ganewa, mafi yawa gamma da X kawai suke ji. Mai jin nutron yakan zo da ƙwayoyin gishiri biyu, ɗaya mai litiyom 6 ɗaya mai litiyom 7. Dukansu na jin gamma, ta farkon ce kaɗai ke jin nutron, sai a ɗebe wannan daga wancan. Irin wannan jikinka ne ƙwallon robarsa: nutron ya shiga jiki ya gaji ya dawo, bajin ya kama shi. Don haka dole ya manne da ƙirji, in yana reto a igiya awon ya ɓaci. Akwai kuma mai ƴar roba da ake kira CR-39. Ka duba takardar sakamakon da ake maido muku, in babu layin nutron daban, ba a auna shi.

Akwai wata ƴar na'ura da nake so don ido na ganin aikinta. Bututu ne kamar alƙalami mai kauri, cike da abu mai danƙo da ɗigo-ɗigon ruwa da ke gab da tafasa. Nutron ya bugi ɗigo ya zama kumfa, ka ɗaga ka ƙirga da idonka, gamma ba ya tayar da ita. A Kanada ake yin ta. Matsalarta a nan zafi ne, an daidaita ta tsakanin digiri 20 da 37, mu kuwa Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa.

In masu awo sun zo da ƙwallon, kada ka bari a yi sauri. A irin wannan ƙaramin ƙarfi ƙirgarta jefi-jefi ce. A maida akwatin inda yake a da, a ajiye ta daidai inda kan tsoho yake, mutane su ja baya don jikinsu ma na maido da nutron, a bar ta minti goma ta tara. Sannan bayan kujerar direba, sannan sabon wurin ajiya.

Mai Gwajin Ƙasa:

Ga inda aka kwana. Akwatin ya koma tsohuwar kwantena da ke ƙarshen fili ta yamma, mita 14 daga rumfa, mita 9 daga inda muke salla. Kwaɗo biyu Baba, makullan na wuyana. Radiyameta a kan tabarma yanzu 0.15 take nunawa, daidai da tsakar fili. A mota ya koma bodi, wani mai walda a unguwar Zariya ya yi mana zobe biyu aka ɗaure da sarƙa.

Na ciro takardun bajina duka, layi ɗaya ne, gamma da X. Na nuna wa shugaban shantiye lissafin Malama a rubuce, ya daɗe yana dubawa, ya ce shi ma a saninsa dalma na tare komai. Na rubuta wasiƙar ARSN ya sa hannu jiya, har da buƙatar a canja mana baji, ni da direba da yaron da ke riƙe mini guduma.

Tsoho kuma na zauna da shi bayan isha'i na gaya masa komai, har da ninki bakwai ɗin, na roƙe shi gafara. Ya yi shiru, can ya ce ya yafe. Abu ɗaya ya tambaya. Jikansa da ke kawo masa tuwo da magariba yakan zauna kan tabarmar kamar rabin awa kafin ya koma, shi fa? Na lissafa masa a ƙasa da tsinke yadda Malama ta yi, rabin awa sau 240 sau 3, bai kai rabin milisibat ba. Ya ce in sake a gabansa, na sake. Ya ce ranar da masu ƙwallon za su zo in gaya masa tun da wuri, zai zo da yaron, yana so a ajiye ta inda yaron ke zama shi ma.